Goggo da Takwararta

Na Allah muke, kuma gare Shi kowannenmu zai koma. Goggo, yayar mahaifina, ta riga mu komawa ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta da ke Tudun Wadan Zariya, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. An yi mata salla bayan azahar. Kafin la'asar an kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun roba, an shimfiɗa tabarmi.

Kwana uku na yi a ƙarƙashin rumfar nan. Rajistar makaranta na riƙe har na yi ritaya, saboda haka ban saba ganin abu ya wuce ba tare da an rubuta shi ba. Ga abin da na gani. Wani Alhaji da ya shekara goma bai taka gidan ba ya ce marigayiya uwa ce ga kowa, ya faɗi haka idonsa na kan wayarsa. Wata 'yar uwarmu ta shigo da kururuwa har sai da aka rirriƙe ta, da ta share hawaye ta tambaya ko za a ƙulla mata sauran shinkafar sadaka a leda. Samarin gidan sun ɗauki hoton makara sun watsa wa duniya tun kafin a kai ta makwanci. Liman ya ce ɗakin Goggo ɗakin marayu ne, jama'a suka amsa da ƙwarai kuwa, wasu har da girgiza kai. Babu wanda ya tambayi inda marayun suke. Suna cikin gida, kuma uwarsu ce ke wanke tukwanen da aka dafa wa masu yabon abinci.

A rana ta biyu na zaga baya don in yi alwala, sai na tarar da Yaya, babban ɗan Goggo, tare da wani magini. Suna tsaye a gefen 'yar gonar da ke bayan gida, Yaya na nuna ɗakin Goggo da na kusa da shi.

"A rushe waɗannan biyun, a haɗa da filin masarar nan. Ɗakunan ɗalibai nake so, kowanne da banɗakinsa."

Magini ya ce, "To mutanen da ke ciki fa, Alhaji?"

"Baƙi ne. A bari dai a yi bakwai."

Waɗanda ya kira baƙi su ne 'yar ƙanwar Goggo, wadda muke ce wa Ƙanwa, da 'ya'yanta huɗu. Damina biyar ke nan suna cikin ɗakunan. Ba su da wani wurin zuwa, kuma wadda ta tsaya musu ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Na koma rumfa na ci gaba da amsa gaisuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka Goggo mace ce mai laushi. Ba ta da shi. Gajeriya ce, bakinta kullum ja da goro, harshenta kuma ba ya zagaye. Idan ta ga saurayi a zaune da hantsi sai ta ce, "Tashi, ba da kujera aka haife ka ba." Ni ba ta taɓa kirana da sunana ba tun da na kama aiki, sai Malam Rajista. Abin da ta fi tsana shi ne a ba mutum labarin masifa ya ce Allah Ya kyauta, ya miƙe ya tafi. Nan take take tare shi: "Allah zai kyauta. Kai me ka kyauta?"

Tana da wata al'ada da ta riƙe shekaru masu yawa. Duk dogon hutu, da an rufe makarantu, sai ta tattara jikoki ta kai su tashar mota ta Kwangila, ta cusa su a mota, su nufi ƙauyen iyayenmu da ke yamma da Zariya. A ganinta yaron da laka ba ta shiga tsakanin yatsun ƙafarsa ba bai gama zama mutum ba. Can suke wanka a rafi, su hau jaki, su gasa masara a bakin gona, su dawo baƙi wuluk da ƙuraje a ƙafa, iyayensu mata na ƙunƙuni, Goggo ko a jikinta.

Sai hanya ta lalace. Da farko aka daina tafiyar yamma, daga baya aka daina tafiyar gaba ɗaya. A rediyo ana ce wa abin matsalar tsaro. Goggo ba ta yarda da wannan suna ba. Ta ce, "Yaƙi ne. Na ga wani ina amarya, na san kamanninsa. Duk inda mata ke gudu da goyo, maza na kwana a kan bishiya, ku kira shi abin da kuka ga dama."

A farkon wata damina Ƙanwa ta iso a bayan motar itace, da 'ya'ya uku da ciki. 'Yan bindiga sun ɗauke mijinta a gona, daga baya gawarsa aka ɗauko. Gidan na Yaya ne. Tun rabon gadon mahaifinsu ya fanshi kason kowa, har da tumunin Goggo. Duk da haka ba ta nemi izininsa ba. Ta buɗe ɗakin da ke kusa da nata, ta raba su biyu, wasu can wasu wajenta. Washegari aka ga sabon kofin roba, shuɗi, matar Yaya ta rataye shi daban a gefen randa, aka gaya wa yaran ƙauye da shi za su riƙa sha. Goggo ta sauke kofin, ta ɗebi ruwa, ta shanye a gaban kowa. Daga ranar ba ta ƙara sha da wani kofi ba. Idan baƙuwa mai daraja ta zo gaishe ta, da shi take sa a kawo mata ruwa.

Da hutun shekarar ya zo, jikokin birni suka zauna jugum a gaban talabijin. Goggo ta leƙa ta gan su, ta ce, "Tunda ba za mu je wa hutu ba, ai ga shi ya zo mana a motar itace." Akwai wani fili a bayan gida inda Yaya ke zubar da fasassun bulo da tsofaffin tayoyi. Ta kashe talabijin da hannunta, ta kora kowa can. Kwana uku suna kwashe shara. Ƙanwa, da cikinta, ta nuna musu yadda ake kunya. Aka shuka masara da gyaɗa da kuɓewa. A nan yaran ƙauye suka zama malamai. Su suka koya wa na birni gina shanun laka da ƙahonin ƙaya, da langa, da carafke. Idan ruwa ya tsuge da rana, Goggo kan zauna a bakin ƙofa ta sa a tuɓe riguna a shiga ƙarƙashin indararo, tana ƙirga wanda ya fi daɗewa. Ta sa aka haƙa ramukan dara a gindin mangwaro, kuma wajibi ne in rubuta gaskiya: maguɗi take yi. Tana tura dutse da gefen zane, idan aka kama ta ta ce, "Ni na haifi uban da ya haife ka, zan cuce ka a dara?"

Ba kullum ake dariya ba. Ranar da 'yan rakiyar wani ango suka wuce ta layinmu a kan babura, kafin a ƙifta ido yaran Ƙanwa sun ɓace. A ƙarƙashin gado aka same su, babbar ta toshe wa ƙaramin baki da tafin hannunta.

Wata ranar Asabar da la'asar, ina zaune wajen Goggo, muka ji ihun matar Yaya daga baya. Muka fita. Masara ta kai kafaɗar yaro a lokacin. A tsakiyarta an ɗaure autan Yaya da igiyar shanya, yana dariya. Yara sun kewaye shi da bindigogin kara, sun naɗe fuska da ɗankwalayen Goggo. Babbar 'yar Ƙanwa, mai kamar shekara goma, ta kara silifa a kunne kamar waya, tana magana da wata murya mai sanyi da ban taɓa ji a bakin yaro ba.

"Babur biyu, da buhun shinkafa, da katin waya. Kafin Juma'a. In kun wuce Juma'a ku zo da amalanke."

Matar Yaya ta fizgo igiyar caja daga bango ta yi kanta. "Na faɗa! Na faɗa tun farko! 'Yan ta'adda aka tara mana a gida, yau ɗana suka fara ɗaurewa!"

Goggo ta ce, "Hajiya, ajiye igiyar nan."

"Inna, kina ji fa abin da take faɗa!"

"Na ji. Naki suna wasan abin da suka gani a talabijin. Waɗannan suna wasan abin da aka yi a ƙofar gidansu. Ajiye."

Ta ajiye, tana huci. Goggo ta ratsa cikin masara da sandarta, ta dubi 'yan bindigar kara, ta ce, "Ku saki wannan, ba shi da nama. Ni za ku kama." Suka kwance yaron. Ta zauna a kan kunya, ta miƙa hannuwa aka ɗaure mata sako-sako. Ta nemi goro aka kawo. Sannan ta dubi yarinyar.

"To, shugaba, ga ni a hannunku. Yanzu me ake yi wa wanda aka kama?"

Yarinyar ta fara bayani da waccan murya. Ana cire masa takalmi. Ana kiran gidansu a sa ya yi magana. Ana dukansa yayin da yake maganar, don na gida su ji. Goggo ta ce, "Sai kuma me?" Ta ce sai mutanen gari su taru a zaure a buɗe wayar kowa ya ji. "Ke kina ina?" Ta ce tana bayan ƙofa. A nan muryar ta karye. Ta ce ta ji Baba ya kira sunanta, ya ce a gaya mata ta kula da awaki. Silifa ya faɗi daga hannunta. Goggo ta jawo ta da ɗaurarrun hannuwan nan ta kwantar da ita a cinya, ta ce wa sauran, "Ku je ku yi langa." Wata uku yarinyar tana gidan, ko uwarta ba ta san ta ji wannan waya ba.

Matar Yaya ta kai ƙara wajen mijinta, ya zo ya ce a rage cuɗanya tsakanin yaran. Goggo ta ce masa ya je ya gaya wa yaran da kansa, in ya iya rarrabe su, domin duk laka ɗaya ce a jikinsu.

Ƙanwa ta haihu a makon da aka fara karyar masara. Mace ta samu. A nan ne Goggo ta yi abin da nake ganin shi ne babban aikinta.

Yaya yana da 'ya'ya mata uku. Ta fari ya sa mata sunan surukarsa. Ta biyu ya sa mata sunan matar maigidansa na ma'aikata, a shekarar da yake neman ƙarin girma. Ta uku sunan da matarsa ta ji a fim. Goggo ba ta taɓa ɗaga maganar ba, domin ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa. Ana gobe suna ta sa aka kira shi, ni ma ta sa na zauna.

"Kai, mai gidan nan. Gobe za a raɗa wa yarinyar nan sunana. Kai za ka yanka ragon."

Ya sosa ƙeya. "Inna, ai da an bari. In Allah Ya sake ba ni mace…"

"Ya ba ka uku."

Ya yanka ragon. Daga ranar babu ɗan Goggo da ke iya kama sunan yarinyar. Su suna ce mata Inna Ƙarama, mu 'ya'yan ƙannenta muna ce mata Goggo Ƙarama. Ba mai zaginta, ba mai ɗaga mata hannu, domin wa zai zagi uwarsa? Da ta fara magana, Goggo ta koya mata ta riƙa ce wa Yaya ɗana. Kullum da safe in ya shigo gaishe da babba, sai ta ce, "Ka tsallake uwarka." Sai ƙaton mutum da babbar riga ya durƙusa a gaban 'yar shekara biyu ya ce ina kwana Inna, ita kuma ta ɗora masa hannu a hula ta ce Allah Ya yi maka albarka, ɗana. Zan yi masa adalci: yana jin daɗin abin. Ba ya dawowa daga gari hannu wofi, ko da biskit ne sai ya riƙo mata.

Goggo ta faɗa mini dalilinta wata rana muna ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Malam Rajista, rubuta wannan. Ba ni da gida, ba ni da gona. Suna kawai ya rage mini, shi na ba da. Na san ɗana. Ranar da na rufe ido zai iya korar 'yar ƙanwata, amma ba zai iya fitar da uwarsa waje ba." Ta yi dariya, ta jefa gyaɗa a baki. Ta tabbata ta gama ɗaure shi.

An yi addu'ar bakwai da safe. Da azahar aka raba tufafin marigayiya, har wasu mata biyu suka ja zane ɗaya tsakaninsu sai da ya yage. Bayan la'asar Yaya ya tara mu a ɗakinta, manyan dangi da Ƙanwa. Ya yi gyaran murya, ya yi salati, ya ce ya kwana biyu yana tunani a kan amanar da mahaifiyarsa ta bar masa.

"Inna Ƙarama ba za ta je ko'ina ba. Uwata ce. Zan mayar da ita ɗakin Hajiya, in sa ta makarantar da 'ya'yana suke yi, in aurar da ita da hannuna in Allah Ya kai mu. Ke kuwa Ƙanwa, da sauran ukun, an ce wajenku ya lafa."

Ƙanwa ta ce, "Yaya, wa ya ce?"

"A rediyo aka faɗa. In kuma ba ki natsu ba, ai akwai mutanen garinku da suka gudo a Dutsen Abba, can gefen gari."

Wani dattijo daga cikin dangin mahaifinsu ya ce madalla, Alhaji ya riƙe zumunci, ba kowa zai ɗauki marainiya ba a wannan zamani. Sauran suka bi shi da madalla. Na dubi fuskokinsu ina neman wanda ya ji kunya, ban samu ba. Har zuciyarsu sun gamsu cewa an cika al'ada: an girmama mai suna, uwa ba ta fita daga gida ba.

Na ce, "Yaya, Goggo ba don a raba 'ya da uwarta ta ba da sunanta ba. A gabana ta faɗi nufinta."

Ya juyo a hankali. "Malam, gidanka na Tudun Jukun ɗaki nawa ne?"

"Biyu."

"To ka kwashe su mana. Kai ma ai 'yar uwarka ce."

Mu bakwai ne a ɗakuna biyun, kuma haya nake yi. Wannan gaskiya ne, amma ba zan ɓoye a bayansa ba. Na sunkuyar da kai na dubi tabarma, kuma na rubuta haka a nan tare da laifin kowa.

Ƙanwa ta gyara mayafinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, na gode da niyyar alheri. Na bar uban yaran nan a daji. Ba zan bar ko ɗaya daga cikinsu a birni ba."

Kwana uku bayan haka, da hantsi, aka kira mai Keke mai ƙafa uku. Kayansu bai cika shi ba. Yara na hutu, duk suna tsakar gida; na birni suka tsaya cirko-cirko, autan Yaya na tambayar wa zai riƙa yin langa da shi. Yaya ya fito zai tafi gari, suka yi kiciɓis a zaure. Ƙanwa ta durƙusa, ta tura yarinyar gaba.

"Inna, yi wa ɗanki sallama."

Jikinsa ya riga tunaninsa: ya tattare babbar riga ya durƙusa, kamar yadda ya saba. Ta ɗora masa hannu a hula.

"Allah Ya yi maka albarka, ɗana."

"Amin, Inna."

Na tsaya ina jiran kalma ɗaya. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce wa mai Keke ya bi a hankali saboda ramuka.

Ranar arba'in ban je addu'a ba, Dutsen Abba na tafi. Wani kango ne da mai shi bai gama ba, iyalai huɗu a ciki, an rataye buhuna a madadin ƙofa da taga. An yi ruwa da safe, Ƙanwa na kwashe shi daga ɗaki da kwano. Goggo Ƙarama na zaune a kan bulo, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta sa mini albarka, sannan ta leƙa bayana.

"Ɗana bai zo gaishe ni ba?"

Na ce mata yana wajen addu'a, ya tara malamai suna roƙa wa uwarsa yalwar makwanci.

Ta ce, "Ka ce masa ya zo gobe. Ban yi fushi ba."

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya yafe mata kurakuranta, har da kyakkyawan zaton da ta yi mana. Saƙon kuwa na kai shi a ranar, kalma da kalma. Na samu Yaya a bayan gida yana duba tubalin sababbin ɗakuna. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in gaishe ta, yana da ma'aikata a gida.